Bidiyon Waƙa a Hannun Ɗalibai Biyar: Horo Ne ko Kauce Hanya?

Aikin fim ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, shi ya sa duk inda ake koyar da shi ake raba ɗalibai rukuni-rukuni. Haka abin yake ga masu karatun sadarwa a Jami'ar Bayero ta Kano, da masu karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ɗaliban Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, har ma da yaran da ke koyon sana'ar a ƙananan sitidiyo na Titin Gidan Zoo a Kano. Ranar da za a fara taɓa kyamara da gaske, mutum huɗu ko biyar ne za su haɗa kai, a ba su 'yan makonni, a ce su kawo abin kallo na minti uku zuwa huɗu. Abin da ke fara faɗo wa da yawansu a rai shi ne bidiyon waƙa. Akwai abokin da ke rera waƙa, akwai wayar da ke ɗaukar hoto mai kyau, ga kuma YouTube da TikTok suna jira.

A nan kan malamai da 'yan masana'anta ya rabu. Wasu na ganin babu darasin farko da ya kai wannan amfani. Wasu kuwa na ganin ɗora yaro ne a kan hanyar da za ta ɗauke shi daga ainihin aikin fim tun bai san shi ba. Tambayoyi biyu ne suka sarƙe da juna: shin bidiyon waƙa ya dace ya zama aikin farko, kuma shin ɗan ƙaramin rukuni yana koyar da kowa ne, ko mutum ɗaya yake ɗora wa kaya?

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce waƙa tana ɗauke wa mai koyo nauyin da ya fi kayar da sababbin hannu, wato ɗaukar murya. An riga an gama waƙar a sitidiyo. A wurin ɗauka sifika kawai za a kunna, mawaƙi ya riƙa bin waƙar da baki, daga baya a zubar da duk ƙarar da kyamara ta kwaso a ɗora waƙar asali. Ƙugin janareta, hon ɗin adaidaita sahu, ihun yaran unguwa da suka taru kallo, babu wanda zai ɓata aikin. Saboda haka hankalin ɗalibi gaba ɗaya yana kan abin da ido ke gani: ina haske yake fitowa, ina za a kafa kyamara, me zai shiga hoto, me za a bari a waje.

Kuma abin da ake koya a nan ba kaɗan ba ne. Rukunin da ya fita ɗauka da tsakar rana a Kano zai dawo da fuskoki masu baƙin rami a gurbin ido, domin rana tana tsaye a ka. Daga ranar ba sai an sake gaya musu cewa hasken hantsi da na bayan la'asar sakaliya su ne abokan mai kyamara ba, ko kuma cewa hazon hunturu yana tausasa haske amma yana kashe launi. Za su gane dalilin da ya sa ake sa mawaƙi ya yi waƙar daga farko har ƙarshe sau da yawa: sau ɗaya daga nesa, sau ɗaya daga ƙirji zuwa sama, sau ɗaya fuska kaɗai, sannan a canza wuri a sake. Za su koyi tafa hannu a gaban kyamara, ko barin ƙarar sifika ta shiga, domin mai tacewa ya sami alamar da zai daidaita hoto da sauti. Masu ƙwazo a cikinsu har dabarar tafiyar hawainiya za su gwada: a ɗauki hoto 50 a daƙiƙa maimakon 25, a ninka saurin waƙar a sifika, mawaƙi ya bi ta a guje, idan an dawo kan kwamfuta a rage gudun hoton da rabi, sai ga jiki yana motsi a hankali amma baki na tafiya daidai da waƙa. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya fahimci lissafin hoto fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Uwa-uba, in ji su, teburin tacewa. Bidiyon waƙa na minti uku yana iya cin yanka ɗari ko fiye, kuma kowane yanka sai ya faɗa inda kiɗa ya ba shi wuri. Idan ya yi gaggawa ko ya makara da ƙiftawar ido, mai kallo zai ji a jikinsa ko da bai san dalili ba. Babu wani aikin da ke saka wa yaro sanin lokaci a hannu da sauri haka, kuma manhajojin da ake yi da su, irin su CapCut da DaVinci Resolve, ana samun su kyauta.

Abin da masu adawa ke mayarwa

Masu adawa ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa suke yi abin da ake yabon bidiyon waƙa da shi, shi ne ainihin illarsa. Ya ɗauke wa ɗalibi wahalar ɗaukar murya, to yaushe zai koye ta? Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da jarumi ke faɗa, ya tashi ke nan. Duk wanda ya saba kallon finafinanmu ya san wannan ciwon: murya ɗaya a kusa, ɗaya kamar daga wani ɗaki, iska na bugun makirufo, kiɗa ya danne magana. Idan makaranta ta ba yaro aikin farko wanda babu ruwansa da makirufo, ta nuna masa ke nan cewa sauti abu ne da ake tunawa da shi daga baya.

Sai kuma labari. A bidiyon waƙa, idan hoto bai haɗu da wanda ke biye da shi ba, kiɗa zai rufa asiri. Mawaƙi yana kan dutse yanzu, bayan daƙiƙa biyu yana cikin mota da wasu kaya daban, babu mai tambayar yadda aka yi. A fim kuwa, idan mutum ya shiga ɗaki da hula ya juyo babu ita, an lura. Idan mutum biyu suna magana aka tsallaka da kyamara ɗaya ɓangaren ba bisa ƙa'ida ba, sai su koma kamar suna kallon gefe guda, mai kallo ya rikice. Rubuta magana da za ta yi kama da ta mutane, sa jarumi ya yi shiru a inda shiru ya fi magana, gina yanayi daga farko zuwa ƙarshe, duk waɗannan ba sa cikin bidiyon waƙa.

Daga nan sai su jawo tarihi, kuma a nan ne muryarsu ta fi ɗagawa. Masana'antar finafinan Hausa ta faro ne da labari. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, daga hannun 'yan wasan kwaikwayo ya fito. Amma wajen shekarar 2000, bayan karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu, rawa da waƙa suka zama abin da ke sayar da fim, bisa tasirin finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a gidajen siniman Arewa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce a kai. An kai lokacin da waƙa ake fara tanada, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Masu adawa suna ganin masana'antar ta sha wahala kafin ta fara fita daga wannan, kuma abin da ya fitar da ita shi ne shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So a YouTube. Dukkansu magana da labari ne ke ɗauke da su. To me ya sa makaranta za ta mayar da yara baya, zuwa abin da iyayen gidansu ke ƙoƙarin rage dogaro da shi?

Masu goyon baya sun sake tashi

Amsarsu a nan ita ce a duba waɗanda suka bi ta wannan ƙofar. David Fincher ya yi suna ne da bidiyon waƙoƙi, ciki har da na Madonna a 1990, kafin ya yi Se7en a 1995 da The Social Network a 2010. Daniel Kwan da Daniel Scheinert sun haɗu suna ɗalibai a Kwalejin Emerson da ke Boston a Amurka, suka yi ta ɗaukar bidiyon waƙoƙi su biyu, kuma a 2023 fim ɗinsu Everything Everywhere All at Once ya lashe kyautar Oscar bakwai. A gida Najeriya ma ga Kemi Adetiba, wadda ta yi wa mawaƙa irin su Banky W da Tiwa Savage da Olamide bidiyo, sannan ta ba da umarnin The Wedding Party a 2016 da King of Boys a 2018. Babu mai cewa waɗannan ba su iya ba da labari ba.

Game da ƙanƙantar rukuni kuwa, suna ganin ita ce ribar abin. A babban lokeshan, mai koyo yana iya shafe wata guda yana naɗe waya da ɗauko ruwa bai leƙa kyamara ba. A rukunin mutum biyar babu wurin ɓuya. Ɗaya ne darakta, ɗaya na riƙe da kyamara, ɗaya na kula da haske ko da farin kwali ne yake tare rana da shi, ɗaya na kunna waƙa yana rubuta ɗaukar da ta yi kyau, ɗaya kuma shi ne furodusa: shi zai nemi izinin mai gida ko mai unguwa, ya tanadi abin hawa, ya tabbata an yi cajin batura tun dare saboda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ya kuma kwafe hotunan wuri biyu kafin kowa ya kwanta. Idan ɗaya ya yi sakaci kowa zai gani a take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gara yaro ya gane haka a aikin minti uku da ya gane shi ranar da kuɗin wani ke hannunsa.

Suna ƙarawa da batun abinci. Ɗalibin da ya gama karatu ba fim za a miƙa masa ya ba da umarni ba. Abin da zai fara samu shi ne bikin aure, tallar shago, da bidiyon matasan mawaƙa, waɗanda ke ƙaruwa kullum a Kano da Kaduna da Jos da Yamai. Wanda ya fito da bidiyo ɗaya mai kyau a wayarsa yana da abin nunawa.

Masu adawa ba su sauka ba

Suka ce wannan rabon aiki a takarda yake da kyau. A zahiri, kusan kowane rukuni yana da mutum ɗaya da ya riga ya iya, mai kwamfuta ko mai babbar waya. Shi zai ɗauka, shi zai tace, shi zai kwana bai yi barci ba. Sauran su haɗa kuɗin mota, su tsaya a bayansa, ranar gabatarwa kowa ya sami maki ɗaya. Wanda ya iya ya ƙara iyawa tare da jin haushi, waɗanda ba su iya ba su fita yadda suka shiga. Kuma sau da yawa 'yan mata ne ake turawa ga kwalliya da kula da kaya, ko a ce su fito a gaban kyamara, alhali sun zo ne su koyi tsayawa a bayanta.

Ga kuma mawaƙi. Shi ba ɗalibin fim ba ne, burinsa ya fito da kyau. Zai so mota, zai so canjin kaya biyar, zai so a yi masa irin abin da ya gani a bidiyon wani. Darakta ɗan shekara ashirin da ke neman alfarmar waƙar da wuya ya iya ce masa a'a. Sai aikin makaranta ya koma talla kyauta, abin da ɗaliban suka tsara ya bi ruwa.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta mutunci da doka, kuma ba za a yi mata riƙon sakainar kashi ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Wannan jaruma ce da ta riga ta yi suna, tana da inda za ta dafa. Ɗalibar aji biyu da ta yarda ta fito don ta taimaka wa rukuninsu ba ta da wannan. Bidiyon da aka yi don malami ɗaya ya duba, cikin dare ɗaya wani zai iya yanko daƙiƙa goma ya saka a TikTok, ya isa wayar kawunta ko ta gidan da ke neman aurenta. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, wadda ikonta ya shafi waƙoƙi da abin da ake fitarwa ga jama'a. Haka nan idan waƙar ba ta rukunin ba ce, akwai haƙƙin mallaka: sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 tana kare mai waƙa, kuma YouTube na da tsarin Content ID da ke gano waƙar wani, ya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin talla ga mai ita. Ɗalibai nawa ne ake zaunar da su a yi musu wannan bayanin kafin a ce su fita ɗauka?

Tankaɗe da rairaya

Idan aka auna, wasu hujjojin ba su kai yadda ake ɗaga su ba. Jerin sunayen Fincher da Adetiba yana nuna cewa ƙofar tana kaiwa ga fim, amma bai nuna ita ce ta fi ba, domin waɗanda suka shiga ta nan suka tsaya a nan ba a lissafa su. Haka ita ma hujjar tarihin masana'antar finafinan Hausa tana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Cusa waƙa a tsakiyar fim don a sayar da shi daban, ɗaukar waƙa a matsayin aikin da ke tsaye da ƙafarsa daban. Al'ummar da ta haifi Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge ba za ta ɗauki iya haɗa hoto da waƙa a matsayin ƙaramar fasaha ba, kuma ina ganin rashin adalci ne a hana yaro koyonta saboda kuskuren 'yan kasuwar wani zamani.

Maganar sauti da labari kuwa tana nan daram, ban ga amsar da masu goyon baya suka ba ta ba. Bidiyon waƙa yana horar da ido da sanin lokaci, ba ya horar da kunne, kuma labarin da yake koyarwa kaɗan ne. Wanda ya ce ya wadatar bai faɗi gaskiya ba. Iyakar abin da za a iya cewa shi ne yana koyar da rabin aikin da sauri ƙwarai.

Inda na fi tsayawa shi ne batun rukuni, domin a ganina mafi yawan abin da ake zargin bidiyon waƙa da shi, laifin yadda ake tsara aikin ne. Mutum ɗaya zai iya danne rukuni ko gajeren fim ake yi. Maganinsa a hannun malami yake: a rubuta aikin kowa tun farko, a ba kowa maki a kan nasa, a kuma wajabta cewa kowane ɗalibi ya karɓi hotunan da aka ɗauka ya tace nasa bidiyon shi kaɗai. Daga ɗauka guda za a sami bidiyo biyar, kuma ranar da aka jera su a aji za a ga wanda ya fahimta. A riƙa juya kyamara tsakanin 'yan rukuni daga wuri zuwa wuri, mata da maza. Waƙar ta zama wadda mai ita ya ba da izini a rubuce, ya kuma amince cewa ɗalibai ne masu yanke shawara a kan hoto. Babu abin da ya ce dole sai waƙar soyayya da rawa. Waƙar noma, ta yabon Manzon Allah, ta garinsu, ta faɗakarwa, ko kiɗan kalangu zalla a ɗora shi kan hotunan masu rini a Ƙofar Mata, duk suna koyar da yanka a kan kiɗa daidai wa daida.

Batun 'yan mata shi ne wanda tsari ba ya gama warware shi. Ana iya sa kowa ya sa hannu cewa ba za a fitar da bidiyon ba sai da yardar duk wanda fuskarsa ta fito, kuma ya kamata a yi hakan. Amma takarda ba ta hana waya tura abu. Wasu malaman za su ce saboda haka a bar ɗalibai mata a bayan kyamara kawai, wanda dama can nan ne aka fi buƙatarsu. Wasu za su ce wannan yanke wa baliga hukunci ne a kan abin da ita da iyayenta ya kamata su yanke. Kowane ɓangare yana da abin da yake karewa, kuma amsar da za ta yi daidai a Jos ba lallai ta yi daidai a Kano ko Sakkwato ba.

Saura tambayar wanne za a fara da shi. Inda ake da zango biyu na aikin hannu, na fi karkata ga a fara da waƙa, domin yaro ya saba da kyamara da teburin tacewa ba tare da tsoro ba, sannan a zango na biyu a ƙwace masa kiɗan gaba ɗaya, a ba shi mutum biyu a ɗaki ɗaya da makirufo, a ce ya sa mu damu da abin da suke faɗa. Inda kuwa zango ɗaya tak ake da shi, zaɓin ya fi wuya. Malamin da ke kallon abin da ɗalibansa za su ci abinci da shi a shekarar farko bayan kammalawa zai zaɓi waƙa. Wanda ke kallon wa zai rubuta ya kuma ɗauki shiri mai dogon zango nan da shekara goma zai zaɓi gajeren fim mai magana, ko da hotonsa bai kai na waƙar kyau ba.